Ranar da Torvald Ya Zama Bishiya

Ranar Laraba da la'asar, ana tsakiyar taron masu kallon tsuntsaye a ɗakin da ke bayan cocin Tallmyra, Torvald Ekmyr ya miƙe tsaye, ya ƙwanƙwasa cokali a jikin kofin gahawarsa, ya ce ranar Asabar kowa ya fito da yunwarsa, don shi ya riga ya ba da aikin kek ɗin ɗari uku.

Wata mata da ta kai biredi bakinta ta mayar da shi faranti.

Kowa a garinmu ya san yadda abin yake. In ka ga wani irin tsuntsu da ba ka taɓa gani ba, da idonka, a gaban shaida, sai Majken Lundahl ta rubuta maka shi a babban littafin ƙungiya. Ranar da ka cika iri ɗari uku sai ka sayi kek mai hawa uku, a ci a bukkar da ke bakin kurmin Orrmo, a ƙona sunanka a jikin allon da ke rataye can. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, suna tara ne kacal a allon. Kuma tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa samun mai ƙarfin halin da ya doshi shagon mai kek kafin Majken ta sa hannu ba.

Shi kuwa Torvald shekararsa shida cur yana kan ɗari biyu da casa'in da tara. Ya je bakin teku, ya hau duwatsun arewa, ya yi kwana biyu yana amai a cikin jirgin ruwa saboda wani ɗan tsuntsun da bai kai babban yatsa ba. Amma wanda ya gagare shi shi ne baƙin zakaran daji, ƙaton nan mai girman talotalo, wanda ke zaune a kurmin da ke bayan gidansa. 'Yan makaranta sun gan shi. Direban motar madara ya gan shi. Matarsa Hillevi, wadda ba ruwanta da tsuntsu in ba a tukunya yake ba, sau huɗu tana cin karo da shi wajen tsinkar 'ya'yan itace. Matsalar Torvald murya ce. Shekara talatin da uku ya yi yana sanar da isowar jiragen ƙasa a tashar birni, ya yi ritaya, amma maƙogwaronsa bai samu labari ba. In ya yi raɗa a wannan gefen kurmi, agwagin tafkin da ke wancan gefen tashi suke yi.

"Ka gan shi ke nan?" in ji Majken. Tsohuwa ce 'yar tsamurmura, shekararta saba'in da takwas, kullum fensirinta na rataye a wuyanta da zare.

"Zan gan shi ranar Asabar da ƙarfe bakwai."

"Wasiƙa ya aiko maka?"

"Haba, Majken. Ni fa da gangan na ajiye shi don ya zama na ƙarshe. Da na so, tun ina saurayi da na gama da shi. Ni da na taɓa gane tsuntsu daga inuwarsa ta tagar jirgi mai gudu!"

"Wanda daga baya aka ga leda ce?" wani ya jefo daga kujerun baya.

"Ledar ta zo ne bayan tsuntsun ya wuce."

Majken ta gyara tabarau. "Torvald, ka karanta takardar da mai gadin kurmi ya liƙa a ƙofar bukka? Akwai wani zakara da bana ya..."

"Ni za a nuna wa takarda? Na san kurmin nan tun kafin a haifi wanda ya rubuta ta."

"Ai abin da ta ce shi ne..."

"Ƙarfe bakwai, a dandamalin katako. Ku zo da kyamarorinku, ku goge gilasansu da kyau. Abin da za ku gani ba a taɓa yin irinsa a ƙasar Sweden ba."

Maganar gaskiya, a nan kam bai yi ƙarya ba.

Dabarar tasa ga ta. Zakaran daji yana gudun mutum, amma ba a taɓa jin ya guji bishiya ba. To shi ke nan, sai mutum ya zama bishiya. Da safiyar Alhamis ya kira Sixten, ƙanin matarsa, tsohon kafinta wanda duk abin da ka ce masa sai ya ce "To", ko da kuwa cewa ka yi ya sa wa kifi ƙofa. Suka shiga garejin mota da wayar kejin kaji, da gam gwangwani uku, da buhu biyu na gansakuka, da rassan da suka saro daga shingen maƙwabci don nasu shingen bai yi kauri ba. Suka naɗa wayar ta zama kamar ganga tun daga wuyan Torvald har idon sawunsa, hannuwansa duka a ciki. A sama suka kife bokitin ƙarfe, suka ɗaure shi da gangar, suka lulluɓe da rassa.

"Ina zan huda wajen ido?" in ji Sixten.

"Nan," in ji Torvald daga cikin bokiti. Muryar ta fito ninki biyu, har kwalaben da ke kan kanta suka amsa.

"Ka ɗaga haɓa fa. Ka tsaya yadda kake tsayawa kullum."

"Haka nake tsayawa kullum."

"To."

Hillevi ta leƙo da tiren gahawa, ta tsaya tana kallon abin daga sama har ƙasa.

"Wane ne mijina a ciki?" ta ce.

"Yi dariyarki. Ranar Asabar ke za ki riƙa cewa mutane ni matarsa ce."

"Ni da kwando kawai na je, ya fito ya tsaya yana kallona."

"Sa'a ce wannan. Ni ilimi nake magana."

"To, mai ilimi, ta ina ake fita?"

"Sixten zai kwance wayar ta baya."

"In fitsari ya kama ka fa?"

"Kin taɓa ganin bishiya na fitsari?"

"Zan gani ranar Asabar," in ji Hillevi, ta ajiye tiren ta fita.

Ranar Asabar gari ya waye da sanyi, ga ragowar ƙanƙara a gindin shinge. Aka sa Torvald a cikin bishiyarsa tun a gida, don ya ce dole ƙamshin ganye ya kama jikinsa. Sai da aka ɗaure shi tam aka tuna bishiya ba ta lanƙwasawa. Aka gwada kujerar gaba, aka gwada ta baya, aka buɗe but, duk a banza. Ƙarshe dai a tirelar kwasar shara aka tsayar da shi, aka ɗaure da igiya ta kusurwa huɗu, Sixten ya ja mota a hankali ta tsakiyar gari, Hillevi na gefensa ta ja hula ta rufe rabin fuska.

A gaban shagon biredi wani dattijo ya daga musu hannu. "Sixten! Bishiyar Kirsimeti a watan Afrilu? Ko ka manta ba ka fitar da ta bara ba?"

"Ina kwana, Birger!" in ji bishiyar.

Dattijon ya saki jakar biredinsa. Karensa kuma ya bi tirelar da haushi har bayan gidan mai, kuma da suka tsaya a mahaɗar hanya ya yi tsalle ya hau, ya shinshina gindin bishiyar, ya ɗaga ƙafa. Torvald ya ji ɗumi a safarsa ta hagu.

"Kun gani?" ya yi ihu. "Kare ma ya yarda! In kare ya yarda, wane ne zakara?"

A bakin kurmi mota ba ta shiga. Daga nan sai siririyar hanyar katako da ta ratsa fadama, kilomita biyu. Aka kwantar da shi a baro, kai a gaba, ƙafafu a sama, Sixten na turawa, Torvald na ba da umarni alhali sararin sama kawai yake gani.

"Hagu! Na san hanyar nan kamar tafin hannuna. Hagu na ce!"

"Hagu ruwa ne."

"Kai da ka zo nan sau nawa? Hagu!"

"To," in ji Sixten.

Sai da maza huɗu suka taru kafin aka zaro shi daga laka. Rabin gansakukar ta tafi, ta bar waya tsirara a gefe guda, bokitin ya cika da ruwan fadama, sai da aka kife shi aka girgiza kamar kwalbar da ake wankewa. Wani ɗan kwaɗo ya faɗo.

"Da ma ina son a jiƙa ni," in ji Torvald yana tari. "Busasshiyar bishiya ba ta da ƙamshi."

Mutum ashirin da uku suka tarar a dandamalin katako, kowa da madubin hangensa a wuya, da filas ɗin gahawa, da kyamara mai dogon baki a kan ƙafafu uku. Rabinsu ba don tsuntsu suka zo ba, kowa ma ya sani. A gaban dandamalin akwai wani fili a tsakiyar manyan itatuwa, nan Torvald ya ce a dasa shi.

Majken ta tare baron da sandarta. "Daga Afrilu zuwa Yuli ba a sauka daga kan katako. Tsuntsaye na kan ƙwai."

"Wa aka hana?"

"Kowane mutum."

"To nuna min mutum a nan."

Majken ta dubi bishiyar, ta dubi takalman roba biyu da suka leƙo daga gindinta.

"Na ji," ta ce. "Amma ka sani, in bishiya ce ta ga zakaran, bishiya zan rubuta wa."

"Bishiya ce a wajen doka, Torvald ne a wajen littafi."

"Ashe. To bari in sake gwadawa. Takardar nan da Ebbe mai gadin kurmi ya liƙa..."

"Sixten, tura!"

Sixten ya tura. Ya tsayar da shi a tsakiyar filin, a kan wani ɗan tudu mai laushi da Torvald ya zaɓa da kansa don a gan shi da kyau a hoto, ya fuskantar da ramukan idon wajen dandamali, ya buga turaku huɗu ya kafe gangar a ƙasa don kada iska ta kayar da ita. Sannan ya koma wajen jama'a, aka zuba masa gahawa.

Kurmi ya yi shiru na kusan minti ɗaya. Ƙananan tsuntsaye suka soma kuka ta ko'ina, irin kukan nan na farkon bazara da ke sa tsofaffinmu su cire hula su saurara. Sai bokiti ya yi magana.

"Jama'a, a yi shiru. Yanzu ƙarfe bakwai saura minti huɗu. Ana sa ran isowarsa daga gabas."

Fuuu! Duk wani abu mai fiffike da ke cikin filin ya tashi. Wani kurege ya saki abin da yake ci ya haye can ƙololuwa.

"Torvald, rufe mana baki!" in ji Hillevi.

"Raɗa nake yi!"

Nan ne ya gano abu biyu. Na farko, ramukan idon a goshinsa suke. In yana son ya ga waje sai ya yi ɗage ya ɗaga haɓa, in ya gaji ya sauko sai duhu da warin tsatsa. Na biyu kuma, tudun nan mai laushi gidan jajayen tururuwa ne, kuma rana ta fara taɓa shi, masu gida sun farka sun tarar an yi musu gini a kan rufi. Suka hau ta takalmin dama a jere, suka wuce gwiwa, suka rarrabu, kowace ƙungiya da unguwar da ta nufa.

Daga dandamali aka ga bishiyar ta soma rawa.

"Iska ce?" in ji wata mata.

"Ba iska," in ji Sixten. "Sauran itatuwan a tsaye suke."

"Dabara ce!" bokiti ya amsa, muryar na karkarwa. "Haka... wayyo... haka ƙananan bishiyoyi ke yi da safe!"

Wata 'yar tsuntsuwa mai neman kayan sheƙa ta sauka a kan bokitin, ta ciri gansakuka, ta leƙa ta ramin ido, ta ga farin gashi mai laushi, ta cafki gashin girarsa ta fizge. Torvald ya yi wata ƙara da ba ta cikin kowane littafin tsuntsaye. Bayan nan ya ce lokaci ya yi da zai yi kiran kazar daji, wanda ya ce ya koya a wajen wani tsohon maharbi da ya rasu bai koya wa kowa ba sai shi. Ya cika ƙirji da iska ya saki. Abin da ya fito daga bokitin ya fi kama da birkin jirgin kaya. Wani mutum a dandamali ya shaƙe da gahawa, sai da aka bubbuga masa baya.

Ana cikin wannan dariya sai ga shi.

Ya fito daga yamma, ta bayan Torvald, yana taku ɗai-ɗai. Baƙi wuluk, ƙirjinsa na sheƙi kore-kore, wutsiya a baje kamar mafici, wuya a miƙe, gemu a tashe, baki fari kamar ƙaho. Abin da takardar Ebbe mai gadin kurmi ta faɗa ke nan, wadda kowa ya karanta ban da mutum ɗaya: bana an samu wani zakara da ya rasa kaji, kansa ya juye, ya daina tsoron mutane, duk abin da ya yi motsi ko ƙara a filinsa abokin gaba ne. Ya kori masu gudun motsa jiki biyu, ya yi dambe da keken mai kai wasiƙu. Ba ya buƙatar bishiya, ba ya buƙatar kira. Da Torvald ya zo da rigar barcinsa ya tsaya a kan katako, da zakaran ya zo ya same shi har inda yake.

Kyamarori ashirin suka soma ƙyas-ƙyas-ƙyas. Mutane na nuni da hannu, suna buɗe baki ba sauti, don mai kallon tsuntsu ko gidansa ke ci da wuta ba zai yi ihu a gaban tsuntsu irin wannan ba. Torvald ya yi ɗage ya leƙa, ya ga hannaye a sama, ya ga gilasai duk sun nufo shi. Daɗi ya kama shi har ya manta da tururuwa.

"Na gode, na gode," ya ce. "Ku adana tafin sai ya iso."

"Bayanka!" Hillevi ta kasa daurewa. "Juya, sakarai, yana bayanka!"

Torvald ya juya da sauri. Shi ya juya, bishiyar ba ta juya ba, don turakun Sixten aikin kafinta ne. Ya tsinci hancinsa a jikin ƙarfen bokiti, ramukan ido suna ƙeyarsa, duhu ko'ina.

"Ina yake? Wa ya kashe wuta?"

Wannan ƙarar ce ta gama ɓata wa zakaran rai. Ya sunkuyar da kai, ya taho a guje, ya zuba wa bishiyar fiffike. Wanda bai taɓa shan dukan fiffiken zakaran daji ba, ya tambayi wanda aka taɓa maka wa itacen girki a ƙwauri. Ya zagayo ta gefen da laka ta wanke, inda waya ke tsirara, ya zura baki ta ramin waya ya kama abin da ya samu. Abin da ya samu kuwa wajen zama ne.

"Wayyo Allah! Sixten! Kwance ni!"

"Ba a sauka daga kan katako," in ji Sixten.

"Sauko, na ba ka izini!"

"Kai bishiya ce, ba ka da izinin bayarwa," in ji Majken, idonta na cikin madubin hange. "Kai, ku dubi wutsiyar nan. Shekara hamsin ban ga mai kyan wannan ba."

Cizo na uku ne ya tumɓuke turakun. Jama'ar Tallmyra suka ga abin da ba a taɓa yi a ƙasar Sweden ba: bishiya ta tsinke da gudu, da gajeren taku don waya ta ɗaure mata ƙafafu, tana tafiya da baya-baya in aka bi ta ramukan idonta, tana kiran sunan surukinta da muryar tasha, zakara na bin ta yana sara. Ta yi karo da wata bishiyar ta gaske, ta ce mata "Yi haƙuri", ta juya, ta zagaya filin sau biyu. A zagaye na biyu zakaran ya yi tsalle ya haye kan bokitin ya baje wutsiya, aka yi taku goma sha da shi a sama kamar an ɗauko shi a keken doki. Sannan saiwa ta harɗe takalmin roba. Bishiya ta faɗi rigingine, tim, taku biyar daga dandamali. Wayar wuya ta tsinke, bokiti ya yi nasa wuri yana gangarawa.

Ga fuskar Torvald a fili, ja jawur, da laka, da tururuwa, da gira ɗaya da rabi. Zakaran ya taka ya hau ƙirjinsa, ya tsaya, ya sunkuyo da kai har bakinsa ya kusa taɓa hancin mutumin. Tsakaninsu bai kai tsawon cokali ba. Ba a taɓa jin wanda ya samu tsuntsunsa na ɗari uku kusa haka ba. Suka yi kusan minti guda a haka, ba ka jin komai sai ƙyas-ƙyas na kyamara.

Sai ga Ebbe ya ɓullo daga cikin itatuwa da gudu, bargo a hannu, akwatin katako a baya. Kwana uku ke nan yana farautar zakaran nan don a kai shi can arewa inda ba mutane, ihun Torvald ne ya nuna masa hanya. Ya jefa bargon, ya rungume, ya tura cikin akwati, ya rufe murfi ya sa sakata. Duka-duka bai fi ƙiftawa uku ba.

Aka sauko da izinin Ebbe, Sixten ya kwance waya, aka zaro Torvald kamar ana zare ƙafa daga safa. Ya miƙe yana tangaɗi, ya kakkaɓe tururuwa, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ɗari uku!" ya ce. "Majken, fito da fensir! Kun ga yadda na janyo shi? Na gajiyar da shi da gudu, sannan na kwanta don in duba shi ta ƙasa. Tsohuwar dabara ce."

"Ka gan shi?" in ji Majken.

"Wace irin tambaya ce wannan? A ƙirjina ya tsaya!"

"Na ga ya tsaya. Ka gan shi?"

"Ya cije ni wuri bakwai! In nuna miki?"

"Rufa mana asiri. Cizo ba gani ba ne. Ku kawo hotuna."

Aka taru a kan kyamarori. Tun daga faɗuwar bokiti har jefa bargo, hoto ɗari huɗu da goma sha biyu aka ɗauka, daga kusurwa ashirin, da gilasan da ke iya nuna ƙwayar idon sauro daga hayin tafki. Majken ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Zakaran ya fito ɓaro-ɓaro, kowane gashi a wurinsa. A ƙarƙashinsa ga Torvald, ya runtse ido gam, har fatar goshinsa ta tattare, bakinsa a buɗe.

"Ƙiftawa na yi," in ji Torvald.

"Sau ɗari huɗu da goma sha biyu?"

"Kyamarorin ne suka yi daidai da ƙiftawar."

"Ni bidiyo na ɗauka," in ji wata mata. "Daƙiƙa hamsin da ɗaya. Har da inda kake cewa 'Mama'."

Dariyar da aka riƙe tun safe ta ɓalle. Har Ebbe sai da ya zauna a kan akwatin yana share hawaye. Majken ce kaɗai ba ta yi ba. Ta mayar da fensirinta cikin riga, ta ce ɗari biyu da casa'in da tara, kek kuma a kankare lambar da ke kansa da wuƙa a kai gidan tsofaffi, don ba za a yanka shi a bukka ba. Torvald ya buɗe baki, ya rasa abin faɗa, karo na farko da wani a garinmu ya ga haka. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da ya fi na cizon. Shekara shida yana jiran tsuntsun nan, ya zo har kan ƙirjinsa, shi kuma tsoro ya rufe masa ido a gaban mutum ashirin da uku.

Akwatin ya yi nauyi, hanya da nisa, sai aka ɗora shi a baro. Torvald ya matso yana ɗingishi, ya tsaya a kansa. Ana jin zakaran a ciki yana huci yana bugun katako. Ya ɗora hannu a kan sakatar.

"Majken," ya ce. "Ɗan leƙe kawai."

"Leƙa mana, ba wanda ya hana ka. Amma na cikin akwati ba ya shiga littafi."

"Wa ya ce?"

"Doka ta bakwai. Kai ka kawo ta, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da ka sa na soke wa marigayi fasto mujiyar da ya gani a asibitin dabbobi. Har tafi ka yi wa kanka."

Torvald ya daɗe yana kallon sakatar. Sannan ya janye hannunsa, ya ture Sixten gefe, ya kama hannayen baron da kansa. Shi ya tura shi kilomita biyu a kan hanyar katako, jama'a na biye a jere, tsuntsunsa na ɗari uku na dukan akwati taku ɗaya daga gwiwarsa, bai ɗaga murfin ba. A bakin titi aka sa akwatin a motar Ebbe, ta tashi ta nufi arewa. Ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana.

Hillevi ta zo ta yafa masa rigarta, tana cire masa gansakuka daga kunne.

"Hillevi," ya ce, "da gaske fatar saman idon nasa ja ce?"

"Ja wur."

"Haka na gani," in ji Torvald.